Shunin Hajo da Gangunan Mai Mota

A shekarun nan da kuɗin mai suka buɗe, in ka sauka tashar Jibiya ka ce gidan Hajo kake nema, sai an tambaye ka wace Hajon, don muna da su da yawa. Amma in ka ɗaga hannu ka nuna farce, ko akuyar unguwa sai ta raka ka har ƙofa. Hajo mai shuni ke nan, matar yayana marigayi Ummaru. Tun ranar da aka kawo ta gidanmu ban taɓa ganin ainihin launin faratanta ba. Na sha gaya mata cewa ranar wankanta na ƙarshe sai an aika kasuwa ƙarin sabulu.

Sai ta ce, "Kai dai ka riga ni, Lado, in ga ko bakin nan naka zai shiga likkafani."

Haka muke da ita. Ƙanin miji ne ni, ba ta da yadda za ta yi da ni.

A wani ƙauye bayan iyaka aka haife ta, wajen Ɗan Isa, tun iyakar ba ta wuce wani dutse da aka kafa cikin gonar gero ba. A wurin uwarta ta koyi aikin baba, wato tsiron da ake fitar da shunin rini daga ganyensa. Da aure ya kawo ta Jibiya, cikin kayanta har da ɗan goran iri. Ƙanwarta Rabi'a ta zauna can, ita ma da 'yan kunyoyinta na baba a bayan gida.

Wanda bai san baba ba zai wuce shi bai waiwaya ba. Ɗan gajeren tsiro ne mai ƙananan ganye, furensa kuma ja-ja ne, ba za ka ce akwai shuɗi a duk zuriyarsu ba. Akwai kuwa wata ciyawa da ke fitowa da damina gefen gonar, furenta shuɗi shar kamar sama bayan ruwa. Wata rana na tsinko na kai mata, na ce ga shuni Allah ya gama haɗawa, ita tana can tana karya ƙugu. Ta karɓa ta murza a bakin farar hulata, ta matsa lemun tsami a wurin. Nan take ya koma ja.

Ta ce, "Ka gani? Wagga maƙaryaciya ce. Ja ce aka yi wa kwalliya. Akwai masu aiki cikin furen da ke ta ɗora mata kaya har ta koma shuɗiya, da ka taɓa ta da tsami sai asalinta shi fito. Baba kuwa ba ya nuna komi a fuska, amma in ya kama zane sai zanen ya mutu ya bar shi."

Hular ba ta sake komawa fara ba, kuma har yau ba a biya ni ba.

Ga yadda take aikinta. Da sassafe za ta yanko ganye daidai abin da randunanta za su ci, ba ta ƙara ko ƙulli. Ta danna shi cikin ruwan sanyi a inuwar tsamiya, ta aza dutse, ta rufe. Sai ta jira har ruwan ya koma kore, samansa ya yi ƙyalli irin na wuyan tantabara, ya fara wani wari da ke rage wa gida baƙi. Sannan ta tsame ganyen ta shiga duka: ta ɗebo ruwan da ƙwarya ta ɗaga sama ta sako, ta ɗebo ta sako, har kumfar ta tashi daga fara ta koma shuɗiya. In ya kwanta ta tsiyaye ruwan, taɓon da ya rage a ƙasa shi ne shuni. Ta dunƙule shi, ta shanya a inuwa. Dukan nan shi ne ya ci bayanta. Kafin kaka ta ƙare sai ka ga tana tashi daga tabarma kashi-kashi, kamar raƙumi.

Da aka yi babban farin nan, masu gonar baba duk suka tuge suka zuba gero, ba kuwa wanda ya ga laifinsu. Hajo ta zuba geron ita ma, amma goran irinta yana rataye a ɗaka, da ruwa ya dawo ta mayar. Sai ya zama duk Jibiya da kewayenta ita kaɗai ta rage.

Mai saye ma ɗaya ya rage mata, Maharazu marini. Da can marinar bayan kasuwa ba ka iya ratsa ta sai kana duba inda za ka taka, saboda yawan karofi, ramukan rini ke nan. Da kuɗi suka zo, atamfa da leshi suka cika kasuwa, galura ta zo cikin gwangwani, wadda ake kaɗawa a ruwan zafi a gama rini kafin azahar. Marina suka watse, wasu kwangila, wasu canji a bakin iyaka. Maharazu ya zauna da karofinsa guda, don Buzayen da ke saukowa bayan kaka su shinshina zane, su goga a bayan hannu, sannan su yi ciniki. 'Ya'yansa kuwa sun sa shi gaba, wai a cike ramin a yi shagon sayar da rediyo. Har yashi sun sa an sauke.

A shekarar da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashin nan da ya haukata kasuwa, ya zo har zaure ya faɗa mata ina zaune.

"Hajo, na gaji da gardama da ɗiya. Mun yi da su: in shunin bana ya zo kafin Buzaye su sauko, in kafa karofi, su nemi wani wurin. In bai zo ba, yashi shi shiga."

Ta ce daga bayan labule, "Yaushe ya taɓa ƙin zuwa?"

Bayan ya tafi ta dubi hannuwanta ta ce mani, "In ya cike ramin nan, wa zan yi wa? In zauna ina sauraren akwatin can yana ba ni labarin mutanen da ban sani ba?"

Akwatin rediyon, ɗanta Lawwali ne ya sayo. Shi ne ɗan fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta dubansa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Kunyar ɗan fari kowa na yi, amma Hajo ta riƙe tata kamar farilla. "Mai motar nan" take ce masa, don babbar mota yake ja tsakanin Kano da Maraɗi. In suna da magana ni ne waya. Ya sa mata kwanon rufi, ya kawo katifa, ya kawo kwalla jeri guda. Duk abin da ya ajiye, amsarta ɗaya ce: "Lado, ka ce ma mai motar nan an gani." Yana tsaye kusa da ita fa, ni kuma sai in juya in ce, "To, an ce an gani." Ya tafi yana murmushi har kunne.

Yaron kirki ne, sai dai zamanin ya sa masa gaggawa. Ya ga yadda take dafa ƙugu, abin ya tsaya masa a rai. Ya zauna ya yi tunani irin na kowa: zoɓo sai an dafa yake ba da ja, shayi sai an dafa, karan dafi sai an dafa. To don me tsohuwa za ta yi ta jiran ruwan sanyi, randa bayan randa, har kaka ta ƙare? Ya bari sai da ta tafi suna a ƙauyen Farfaru da niyyar kwana. Ya kawo gangunan ƙarfe, waɗanda mutanen Maraɗi ke ce wa tano, ya wanke su tas. Ya ɗauko lebura suka aske gonar baba ƙaf, ba su bar ko na gwaji ba. Suka danna ganyen a ganguna, suka hura wutar da ta isa dafa sa. Da ya tafasa suka tsame ganyen, suka shiga duka, maza ƙarti, har kafaɗunsu suka mutu. Kumfa dai fara sol. Ruwan kuwa kamar shayin da aka manta a kan wuta.

Washegari da hantsi aka ce Hajo na kirana. Na same ta tsaye a tsakar gida, ko gyale ba ta cire ba, ga jug ɗin kunun zaƙin da ta zo da shi daga wurin suna a ajiye. Lawwali yana tsugune gefe, da wandonsa mai faɗin ƙafa da takalmin nan mai tudu, idanunsa jawur don hayaƙi.

Ta ce, "Lado, tambayi mai motar nan. Miya za shi yi, ko makoki aka yi ban sani ba?"

Na juya na ce, "An ce tuwon yana ina?"

Ya ce, "Inna, wallahi hutu na so ki yi."

Ba ta dube shi ba. Ta sa yatsa a ganga ta shinshina, ta lasa, ta tofar. "Ka ce mashi na huta. Har na mutu ma na huta."

Wannan ban isar ba. Ya ji da kansa.

Labari ya kai wa Maharazu, ya zo yana ɗingishi. Ya leƙa gangunan ɗaya bayan ɗaya, ya yi salati, ya ce, "Shi ke nan, Hajo. Yara sun ci. A zubar da wanga kada awaki su sha."

Lawwali ya tashi ya kama bakin ganga zai karkata ta. Ni kuma da na ga ba mai kula da jug ɗin kunu, na ɗauka na kafa kai, don baƙin ciki ba ya hana ni ƙishirwa. Na sauke na ce, "To, aƙalla yau ga abu guda da aka dafa ya yi kyau."

Hajo ta juyo. Na zaci jug ɗin za ta ƙwace ta maka mani.

Ta ce, "Dahuwa ce ta sa shi zaƙi?"

"To mi?"

"Kai dai sha ka iya. Ka ce ma mai motar nan shi saki gangar."

Ta zauna a kan turmi ta fara magana kamar da kanta take. Ta ce ai kunun zaƙi kashi biyu ake raba gasarar. A dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, ya yi kauri, ba shi da wani zaƙi. Sai ya huce a zuba masa ɗanyen kashin, wanda aka niƙa da dankali ko tsiron gero. Kafin gari ya waye ya tsinke ya yi zaƙi. In kuwa mace ta yi garaje ta zuba da zafinsa, ta yi asarar ɗanyen, kunun ya zauna yadda yake.

"Ɗanyen ne ke aiki," in ji ta. "Baba ma in ka duba haka ne. Cikin ganyen akwai shuɗin da ke barci, akwai mai tashe shi. Ruwan sanyi na haɗa su. Wanga ya kashe mai tashin da wuta. Amma wa ya ce mai barcin ya mutu? Ƙila yana nan cikin ruwan, ba shi da mai taɓa shi."

Maharazu ya ce, "Kin taɓa gani?"

"Ina zan gani? Ban taɓa ganin wanda ya yi wagga wauta ba, balle in ga maganinta."

Ɗanyen ganye ake so, ga gona kamar kan jariri ranar suna. Duk ƙasar babu sai wurin Rabi'a, bayan iyaka. Ruwan gangunan kuma ba zai jira ba, in ya lalace ya lalace. Lawwali bai tsaya jin ƙarshen maganar ba ya yi waje.

Ta ce, "Lado, bi shi. Kada shi dahe wancan ma a hanya."

Zuwa bai ba mu wuya ba. Rabi'a ta ji labari ta yi dariya har ta zauna ƙasa, ta ce ɗan nan tun yana rarrafe yake son wuta. Ta hana a yanka da rana tsaka, sai da la'asar ta yi sanyi ta yanko mana dami da hannunta, ta naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Dawowa ce ta zama aiki. Mun iso wurin duwan, kwastan ɗin wancan gefen ke nan, muka tarar da layin motoci ba a ganin ƙarshensa, tankoki da manyan motocin kaya, kowa ya kashe inji ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi. Ƙarfen motar ya sha rana, buhun ya fara bushewa. Lawwali ya sa hannu ciki, ya fito da ganye ya duba, ya dubi layin. Ya miƙa wa wani direba abokinsa makulli, ya tuɓe takalman nan masu tudu ya rataya a wuya, ya ce, "Baba Lado, aza mani."

Direban babbar mota, wanda 'yan kamasho ke tashi tsaye in ya shigo tasha, ga shi ƙafa ba takalmi da damin ganye a ka kamar mai tallar ciyawar jaki. Direbobi suka fito daga ƙarƙashin motoci suna ihu. "Lawwali, an sayar da motar ne?" "Nawa ƙulli? Tunkiyata ba ta ci ba!" Ya ci gaba da tafiyarsa. Ruwan buhun na bin wuyan rigarsa.

Jandarma ya ɗaga mana hannu yana dariya. A namu gefen, a Magama, wani ma'aikacin kwastan ya tsayar da mu, ya zura hannu cikin damin har gwiwa, bai taɓo komai ba sai ganye.

"Wannan na miya ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, magani ne. Na ɗan da ya fi uwarsa wayo."

Ya dubi Lawwali daga ƙafa har ka, ya ce, "In ya yi aiki a rage mani, ina da irinsa a gida." Shi ya tsayar mana da akori-kurar da ta kai mu gari.

Kafin magariba muna gida. Hajo ta murza ganyen ta ce da sauran ransa, a daka yanzu. Matan maƙwabta suka miƙo hannu, Lawwali ya riga su ɗaukar taɓarya. Namiji da gemunsa a bakin turmi! Katangar gidan ta cika da kawuna. Wata ta ce, "Direba, saka giya ta biyu!" Ya yi ta kirɓa har ganyen ya zama kore sharaf, yana ɗiga. Hajo ta tsoma gwiwar hannu a kowace ganga yadda ake gwada kunu, ta ce sun huce. Ta raba dakakken ganyen ta zuba, ta juya, aka yi wa gangunan rumfa da zana.

Sai jira. Gari ya waye ba wani labari. Maharazu ya mayar da gidan hanyarsa, ya je masallaci ya biyo, ya dawo ya biyo, kullum hanci a gaba. Lawwali ya aika aka shigo da motarsa, amma ya ƙi ɗaukar lodi. Hajo kuwa ta shiga tsince wake kamar ba abin da ya dame ta, sai dai na lura waken da ta tsince shi take sake tsincewa.

Maƙwabciyarmu ce ta kawo albishir ba ta sani ba. Ta ɗago murya ta bayan katanga ta ce, "Haba Hajo, wanga wari na bana ya fi na bara! Mun kasa cin abinci." Ban taɓa ganin wanda aka yi wa ƙorafi ya yi irin wannan murna ba. Aka ɗaga zana. Ruwan ya koma kore, samansa na ƙyalli.

"Lado, ka ce ma mai motar nan shi ɗauki ƙwarya. Daga sama za shi sako, ba wanka zai yi ma gangar ba."

Ya ɗebo ya sako, ya ɗebo ya sako. Kumfa ta tashi fara. Maharazu ya kau da kai. Can sai gefenta ya fara duhu, kamar hadarin da ke haɗowa daga gabas, kafin ka ce wani abu duk saman gangar ya rine shuɗi. Tsohon nan ya sa yatsa ya shafa a farin gemunsa, wai don ya gani da kyau, ya yini da shi a haka cikin kasuwa.

Ba duka suka tashi ba. Ganga ɗaya da ta fi shan wuta har ta kama a gindi ba ta ko motsa ba, aka zubar. Abin da aka samu bai kai na shekara mai kyau ba, amma ya isa karofi, ya kuma fito sumul ba tsakuwa. Maharazu ya kafa raminsa kafin raƙuman farko su sauko. 'Ya'yansa suka kwashe yashinsu suka yi shagon a bakin titi, inda dama ya fi dacewa da rediyo.

Daga baya na ba wani malamin gona labarin. Ya ce su ma a karatunsu sun san masu aikin nan, ido ba ya ganinsu, kowane tsiro da irin nasa, su ke juya launi a fure da ganye, zafi mai yawa kuma yana kashe su. Na kawo wa Hajo. Ta ce, "To, ka gaishe shi."

Ranar da Lawwali zai koma hanya, ya zo da sassafe yana mirgina gangunan waje a hankali, don ya kawar mata da su daga gani. Tana zaune tana juya dunƙulen shuni a kan faifai.

"Lado."

"Na'am, matata."

"Ka ce ma mai motar nan shi bar tanon nan. Sun fi randa ci. In shekara ta zagayo shi zo shi yi duka, tunda ƙarfi ya yi mashi yawa. Amma ashana a hannuna za ta zauna."

Na juya zan isar, na ga ba bukata. Ya tsaya da ganga a hannu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ita kuma ta saci kallon hannuwansa, sun rine har wuyan hannu, duk ya goge su da kananzir sun ƙi fita.

"Ka ce mashi shi daina wahal da fata. Ba ya fita. Shi bar shi."

Ya bar shi kuwa. Kowace kaka yana ajiye mota ya zo duka, kafin na bara ya gama fita daga faratansa na bana ya hau. Har ta kai in ya miƙa takardun mota a Magama, ma'aikatan ba sa duba suna. Farcen suke duba, su ce, "Ɗan Hajo ne, ɗaga mashi sanda."